Jawabin buɗe ɗakin kiwon zanzaron yaƙi da tsutsar tumatir a Kalfu

Mai girma gwamnan jahar Tawa, mai martaba sarkin Kalfu, hakimai da limamai, jami'an ma'aikatar noma, shugabannin ƙungiyoyin masu lambu maza da mata.

Tsutsar tumatir da masana ke kira Tuta absoluta, wadda manoman Kano suka laƙaba wa "sharon", baƙuwa ce a ƙasar Adar. Asalinta Kudancin Amurka. Ta shiga Sifen a 2006, aka tabbatar da ita a Nijar a 2013. A 2016 ta cinye gonakin Kano da Kaduna, har masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta tsaya don rashin kaya. Uwarta ƙaramin ƙwaro ne mai tashin dare, tana iya zuba ƙwai sama da 200, kuma cikin wata guda ƙwan ya zama uwa. Tsutsar kan kutsa cikin ganye da ɗan tumatir, inda feshi bai cika kai mata ba.

Abokin gabarta kuwa ɗan gida ne: ɗan mitsitsin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Macen kan harbi tsutsa ta sanƙarar da ita, ta ɗora mata ƙwai, ƴaƴan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Ba ya harbin mutum, don haka waɗanda suka ja da baya daga teburin nuni su matso. Cibiyar INRAN ta Maraɗi, da ICRISAT, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankoloɗo sun daɗe suna sakin sa kan murzunar zangarniyar hatsi, cikin ƴan buhunan algarara masu ɗauke da hatsi da tsutsotsin ƙwaron shinkafa da matan zanzaro biyu. Manoman hatsi sun shaida amfaninsa. A lambun tumatir aikin sabo ne, kuma zanzaro shi kaɗai bai isa ba. Sai an haɗa da tarkon kama mazan ƙwaron, da ruwan ƴaƴan dogon yaro, da ƙona karmamin tumatir bayan tsinka.

Saura babbar magana, wato feshi. Zanzaro ya fi tsutsa saurin mutuwa da guba, domin shi a fili yake yawo, ita tana ɓoye. Mai lambu guda da ya sayo maganin ƙwari na piya-piya a kasuwa ya fesa da yamma yana iya kashe abin da aka yi makonni ana kiwo, nasa da na maƙwabtansa. Ga shi tsutsar ta saba da magunguna da dama. A ƙara awo, a ƙara kuɗi, ita tana nan daram. Akwai kwamitin ƙasashen Sahel na CILSS mai tantance magungunan ƙwari, amma kwalaben da ke kan tebura ranar kasuwa da yawansu ba su bi ta hannunsa ba. Masu sayar da su an san su, wasunsu ma suna cikin rumfar nan, sun sha babbar riga. Gubar nan kuma ba a lambu take tsayawa ba, tana bin kwando har cikin miyar gida.

Saboda haka ana roƙon mai martaba da hakimai su tara masu lambu, kowace fadama ta tsai da yarjejeniya guda: inda aka rataya buhun zanzaro, babu feshi sai da izinin malamin gona. Allah ya ba da yabanya mai albarka.