Kafin Ka Biya Kuɗin Kwas, Duba Wanda Ya Sa Hannu a Takardar



Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu, shugabannin ƙungiya, da 'yan'uwa maza da mata mazauna Sabo, ina gaishe ku da gaisuwa irin ta addinin Musulunci. An ce in yi magana a kan samarinmu masu horas da yara wasan ƙwallo da dambe, da waɗanda suka buɗe wuraren ɗaga ƙarfe da motsa jiki, wato yadda za su zaɓi inda za su ƙaro ilimi. Ni ɗan kasuwa ne, to da idon ɗan kasuwa zan dubi al'amarin.

Jama'a, duk wanda ya taɓa sarin goro ya san ba a biyan kuɗin huhu sai an buɗe an ga cikinsa. Haka kwas yake. Yanzu a cikin waya ana ta tallar kwas na kwana biyu ko uku, a ce ka turo kuɗi a turo maka satifiket mai ado. Araha ba ta ado. Abin da za ka fara tambaya shi ne: wa ya sa hannu a wannan takarda, kuma wace hukuma ce ta san da shi? In ba a ba ka amsa ba, riƙe kuɗinka.

Wuraren da aka sani kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, wadda ake kira NIS, a cikin babban filin wasa na Surulere a Legas, tun shekarar 1974 take horas da masu koyar da wasanni. Mai son ƙwallon ƙafa zalla, akwai lasisin hukumar ƙwallon Afirka, CAF, wanda ake bi ta hannun hukumar ƙwallo ta ƙasa, NFF, kuma hawa-hawa ne: ana farawa daga ƙasa, a hau matakin C, sannan B, sannan A. Ba a tsallake. Wanda yake da takardar sakandare mai kyau kuma yana son dogon karatu, ga Jami'ar Ibadan nan kusa da mu, tana da sashen nazarin motsa jikin ɗan Adam. Ofishin wasanni na jiha ma ba nisa, sai mutum ya taka ya yi tambaya da bakinsa.

Amma ni a ganina, kafin duk waɗannan, kwas na farko shi ne na taimakon gaggawa, irin wanda ƙungiyar agaji ta Red Cross take koyarwa. Dattawa a nan ba su manta ba: ranar 12 ga Agusta 1989, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin Surulere ana cikin wasan Nijeriya da Angola, bai tashi ba. A 2003 haka ta faru da Marc-Vivien Foé na Kamaru a birnin Liyon na Faransa. A 2021 kuwa Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a fili zuciyarsa ta tsaya, aka yi maza aka danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, Allah Ya tashi kafaɗunsa har ya koma buga ƙwallo. Rai a hannun Allah yake, babu shakka, amma Shi ne Ya umarce mu da riƙo da sababi. In zuciya ta tsaya, cikin 'yan mintoci kaɗan ƙwaƙwalwa take fara lalacewa. Ana danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya har taimako ya iso. Wannan ba a koyonsa da kallon bidiyo, sai ka durƙusa ka gwada a gaban malami ya gyara maka hannu. Kuma ana sabunta shi lokaci-lokaci, domin hannu yana mantuwa.

Abu na uku, ka dubi mutanen da kake horaswa, sannan ka zaɓi karatun da ya dace da su. Yaro ɗan shekara 12 ƙashinsa bai gama ƙwari ba, ba a ɗora masa nauyin da ake ɗora wa ƙato. A cikin yaranmu akwai masu sikila, waɗanda gajiya mai tsanani da ƙishirwa kan tayar musu da ciwo. Akwai alhazai masu hawan jini da ciwon suga da likita ya ce su riƙa motsa jiki. Ga watan azumi, wanda tilas koci ya san yadda zai sassauta atisaye ko ya mayar da shi bayan buɗa baki. Kwas ɗin da bai taɓo ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, me zai amfana mana da shi a Sabo?

Kuma ina jan kunne: takardar koci ba takardar likita ba ce. Duk kwas ɗin da ƙarshensa shi ne a ba ka ƙwayoyi ko allurar ƙara ƙwanji ka sayar wa yara, wannan talla ce, ka guje ta. Waɗannan magunguna suna illa ga hanta da zuciya, kuma haƙƙin yaran yana wuyanka.

Shawarata ga ƙungiya guda biyu ce. Ta farko, a ware wani abu daga gudummawar wata-wata a tura mutum ɗaya karatu kowace shekara, da sharaɗin in ya dawo ya koya wa sauran. Ta biyu, a sa 'yan'uwanmu mata a ciki, domin iyayenmu mata da matanmu su sami mace mai ilimi da za ta horas da su cikin sutura da mutunci.

Iyaye kuma, kafin ku miƙa ɗanku ga koci, ku tambaye shi inda ya yi karatu, da abin da zai yi in yaro ya faɗi. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Wassalamu alaikum.