Kowa Da Gefensa Na Jinga

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Nehemiya, sura 3.

Wani masani na ƙasar Faransa, Ringelmann, ya gwada mutane da jan igiya. A 1913 ya bayyana cewa in mutum shi kaɗai ne yakan ja da ƙarfinsa duka, amma in an yi yawa sai kowa ya sassauta, yana dogara ga na kusa da shi. Masu horar da 'yan ƙwallo sun san wannan cuta sarai.

Mu ma a bakin Kogin Haɗeja mun san ta. Lokacin ambaliyar 2022 jama'a sun yi ta cika buhuna da ƙasa suna ƙarfafa jinga. Ruwa kuwa, inda aka bari da zaton wani zai yi, nan yake fasawa.

Sa'ad da Nehemiya ya tashi gina garun Urushalima, an raba aikin kashi-kashi. Waɗansu suka gyara daura da gidajensu, aka kuma rubuta sunayen masu aikin. Cikin kwana 52 aka gama.

Ikkilisiya ma haka take, 'yan'uwa. Gwauruwar da ruwa ya cinye shinkafarta, wa ya je gaishe ta? Kada mu ce aikin Fasto ne ko na Zumuntar Mata. Gefenmu ke nan.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka nuna wa kowannenmu gefensa, ka ba mu ƙarfin riƙe shi. Amin.