Babur Mai Tsohon Fasali A Titin Faisal

Duk baƙon da ya sauka a birnin Alƙahira da niyyar ganin dalar Fir'auna, lalle sai ya ƙetare kogin Nilu zuwa Giza, sa'an nan sau da yawa yakan bi ɗaya daga cikin manyan tituna biyu da suka miƙe a jere suka nufi yamma. Na farko shi ne titin Haram, watau titin dala, wanda aka gyara a 1869 domin manyan baƙin da suka zo bikin buɗe mashigin Suwes. Na biyu kuwa, wanda masu yawon buɗe ido ba su cika saninsa ba, shi ne titin Sarki Faisal, wanda aka raɗa wa sunan sarkin Saudiyya da ya rasu a 1975. Da sunan wannan titi ake kiran dukan unguwannin da ke kewaye da shi, irin su Talbiya da Tawabiƙ da Maryutiya.

Da can wurin nan gonaki ne da magudanan ban-ruwa. A shekarun 1970 da 1980 aka riƙa yanka gonakin ana sayarwa fuloti fuloti, yawanci ga Misirawan da suka yi ƙwadago a ƙasashen Larabawa masu man fetur suka komo da 'yan kuɗi. Benaye na jan bulo suka tashi, wasu hawa goma ko fiye, amma lungunan da ke tsakaninsu ba su fi iyakokin gonakin da suka gada faɗi ba. Saboda haka kowace safiya jama'ar waɗannan lunguna sai su kwararo cikin titi guda. Daga watan Afrilu na 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan, dubban 'yan gudun hijira suka daɗa sauka a Faisal, kuɗin haya ya hau, jama'a ta ƙaru. Akwai tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mai suna Faisal, amma tana can a bakin titin ta gabas, wanda gidansa ke wajen Maryutiya kuwa sai ya fara shan cunkoso kafin ya kai gare ta. An fara haƙa layi na huɗu a ƙarƙashin titin Haram, aikin da ya tura motoci da yawa zuwa Faisal.

A irin wannan wuri ne mutum kan gane amfanin babur. Misirawa a maganarsu ta yau da kullum sukan kira shi "makana", wadda asalinta ɗaya da "mashin" da ake faɗi a Kano da Katsina. Abin da zai ba mai sauraro mamaki, in ya tsaya a bakin titin ya ƙare wa waɗannan mashina kallo, shi ne yawancinsu sababbi ne, amma fasalinsu na zamanin iyaye ne: fitila zagayayya guda ɗaya, tankin mai mai kama da ƙwai, dogon sirdi shimfiɗaɗɗe, salansa mai ƙyalli, wasu ma da ƙafafu masu wayoyi irin na keke. Dattijon da ya sayi babur a Zariya ko Sakkwato da kuɗin Udoji a 1975, in aka kawo shi nan, zai ce ai nasa ne aka wanke.

Ba kuwa zai yi kuskure ƙwarai ba. A 1974 kamfanin Honda na Japan ya tura ma'aikatansa su zaga Tailan da Malesiya da Indunusiya da Filifin da Iran da Pakistan, su gano abin da ya sa baburansu ke saurin lalacewa a can. Suka tarar mutane na ɗora iyali duka a kan babur guda, ba a canza baƙin mai sai ya koma kamar kwalta, ba a kai mashin wurin makanike sai ya ƙi tashi. Maimakon su tsaya yi wa jama'a wa'azi, sai suka ƙera babur da zai jure wannan hali, mai silinda ɗaya, wanda iska ke sanyaya shi, mai matatar iska da za a iya wankewa a mayar, da inji mai sauƙin haɗi wanda dattin mai ba ya saurin kashe shi. Shi ne CG125, wanda ya fito a 1975. Daga baya masana'antun ƙasar Sin suka kwaikwayi injin nan suka ƙara masa girma, suka cika kasuwannin Afirka da Asiya da shi. Da yawa daga cikin baburan Sin da ke yawo a Faisal, masu sunaye irin su Dayun da Haojiang, jikokinsa ne, suna gogayya da Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya, wanda 'yan acaɓa na Nijeriya suka sani kamar yunwar cikinsu. Kafin zuwansu, Jawa ta ƙasar Cekosulobakiya da Vespa ta Italiya su ne suka yi tashe a Masar, har yau kuma akan ga tsofaffinsu suna tafe suna hayaƙi.

To, a nan ne ya kamata a rarrabe abu biyu da ido kan haɗa. Akwai babur da ya yi kama da na da domin ba a taɓa sauya shi ba, tun da masu sayensa ba su da kuɗin sauyi. Irinsa ne ke hannun masu kai abinci gida gida, da masu gyaran famfo, da ƙananan ma'aikata. Akwai kuma wanda aka yi wa tsohon fasali da gangan, domin ado. Wannan yayi ya game duniya tun da kamfanin Royal Enfield na Indiya ya fito da Classic 350 a 2009 ya yi kasuwa ƙwarai, har a 2018 aka farfaɗo da sunan Jawa a Indiya. Saurayin Faisal da ya ga hotunan irin waɗannan a wayarsa, amma aljihunsa bai kai ba, yakan sayi ɗan Sin ko Boxer ya kai wa masu walda da masu fenti. A yanke bayan, a sa sirdin fata ruwan ƙasa, a sunkuyar da kan babur, a cire duk robobin da ke jikinsa. Salon da ake kwaikwayo na samarin Landan ne na shekarun 1950 da 1960, waɗanda ke tsere daga wannan gidan shayi zuwa wancan.

Titin Faisal bai san ado ba, amma yana da nasa hukuncin a kan kowane sashe na wannan fasali. Zaman da tsohon babur ke ba mahayi, watau a miƙe, baya tsaye, hannuwa a sake, shi ne ya dace da wurin da ƙananan motocin haya ke tsayawa ba sigina duk inda fasinja ya ɗaga hannu, keke mai ƙafa uku kuma, wanda a can ake kira tuk-tuk, a Kano kuwa A Daidaita Sahu, ke fitowa daga lungu kamar an jefo shi. Mahayi na bukatar ganin abin da ke gaban motar da ke gabansa. Wanda ya sunkuyar da kan baburinsa domin ya yi kama da ɗan tsere ya rage wa kansa gani, ya kuma ɗora nauyinsa a kan wuyan hannu a tafiyar da ba ta wuce giya ta ɗaya da ta biyu. Kafin ya kai dandalin Giza ya ji a jikinsa. Haka nan wanda ya yanke dogon sirdi ya yi asarar abin da ya sa aka ƙera shi, gama a Faisal babur na iyali ne: da safe ya kai yaro makaranta, da yamma ya ɗauko tukunyar gas.

Sauƙin injin kuwa alheri ne da ba a musu. Babur mai kabureta da abin tayarwa na ƙafa, ko batirinsa ya mutu, zai tashi. In ya ƙi, da wuya a tura shi nesa ba a tarar da makanike a gindin wani bene ba, da yaransa da tiren fulogi da sukurori. Amma inji mai dogara ga iska yana shan wuya a tsakiyar bazara, sa'ad da zafin Alƙahira kan wuce digiri 35, babur kuwa na tsaye a cunkoso ba iskar da ke ratsa shi. Zafin kan tsinka baƙin mai, shi ya sa masu hankali ke canza shi da wuri, ba sa jiran abin da littafin kamfani ya faɗa. A watannin Maris zuwa Mayu kuma iskar hamsin kan taso daga hamada da ƙura, 'yar'uwar ƙurar hunturu ta ƙasar Hausa, sai dai ita da zafi take zuwa. Matatar iska kan toshe, sarƙa kan haɗa mai da yashi ta riƙa cin haƙoranta da kanta.

Inda tsufa ba shi da wani abin yabo shi ne birki. Birkin ganga irin na da, in ya yi zafi, yakan saki, kuma ba ya kamawa kamar na faifai. Mai sayen babur a Faisal, in kuɗinsa sun isa ƙari ɗaya tak, gara ya sa su a birkin faifai na gaba da ya sa su a fenti. Ƙafa mai wayoyi ma tana da kyan gani, tana kuma jure ramuka da tudun rage gudu da mutanen unguwa kan gina da kansu, amma galibi tana tafiya da tiyub, wanda in ƙusa ta soke shi iska kan fice nan take, alhali taya marar tiyub kan ba mahayi damar lallaɓawa zuwa wurin mai faci. Ruwan sama kaɗan ne a Alƙahira, 'yan kwanaki ne a lokacin sanyi, amma yayyafin farko a kan kwaltar da ta shekara tana shan mai da ƙura santsinsa kamar na kuɓewa ne.

Sai batun hular kwano. Dokar Masar ta wajabta ta, amma wanda ya tsaya a Faisal ya ƙirga zai ga kawuna da yawa a buɗe, musamman na mata da yaran da aka goyo. Bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna hula mai inganci na rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kimanin kashi 69. Masu son tsohon yayi sukan fi son 'yar ƙaramar hula mai buɗaɗɗiyar fuska domin ta dace da baburin, ita kuwa ba ta kare haɓa da muƙamuƙi, waɗanda sau da yawa su ne ke fara dukan ƙasa.

Mallakar baburin ma ba ta rasa nata ɗawainiyar. A watan Fabrairu na 2014 gwamnatin Masar ta hana shigo da babura na shekara guda, saboda hare-haren da ake kaiwa a kansu. Masu sauraro a Kano za su tuna cewa a watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa a birnin, dalilin kuwa kusan ɗaya ne. Yawancin baburan da ake sayarwa a Masar a cikin ƙasar ake haɗa su, amma da kayan da aka sayo da dala, saboda haka farashinsu na bin darajar fam. A farkon 2022 dala ɗaya ba ta kai fam 16 ba, a watan Maris na 2024 kuwa ta kusa fam 50. Fetur ma haka: lita ɗaya ta matsakaicin mai, wadda aka mayar fam 2.60 a watan Yuli na 2014, ta kai fam 17.25 a watan Afrilu na 2025. Wannan ne ya kori mutane da yawa daga mota zuwa babur, wanda lita guda kan kai shi kilomita 35 ko fiye, ya kuma sa sayen babur biya kaɗan kaɗan ya zama ruwan dare. Wanda ya saya kafin faɗuwar fam ya ga abin da bai saba gani ba, watau tsohon mashin ya fi kuɗin da aka saye shi sabo.

Amma fa wannan ribar ta wanda ya bar baburinsa yadda kamfani ya yi shi ce. Dokar hanya mai lamba 66 ta 1973 ta ce kada a sauya wani muhimmin sashe na abin hawa sai da sanin ofishin lasin. Saurayin da ya sa aka yanke ƙashin baburinsa aka sauya masa launi, ranar da zai sabunta takardu ko ya faɗa shingen 'yan sanda, zai tarar abin da ke rubuce a lasin daban, abin da yake hawa daban. In ya tashi sayarwa kuma, mai kai abinci da ke neman mashin na aiki ba zai biya ko sisi domin sirdin fata ba, sai ma ya nemi ragi.

Da dare kuma akwai tambayar inda babur zai kwana. Benayen Faisal kaɗan ne ke da wurin ajiye abin hawa, saboda haka ko dai a shigar da shi zauren bene a ɗaure da sarƙa bisa yardar maigadi, wanda shi ma akan ɗan ga hannunsa a ƙarshen wata, ko a biya kuɗin wata a gareji. Babur mai ɗaukar ido ya fi jan hankalin ɓarawo, amma na gama-gari ya fi saurin ɓacewa in an sace, tun da cikin dare ɗaya za a wargaza shi, kayansa su shiga jikin wasu goma.

Wannan yawan kayan gyara shi ne dai kuma abin da ke riƙe da mai babur ɗan gama-gari. Wanda ya yi ƙoƙari ya sayi babur mai tsada ɗan waje, mai tsohon fasali a ido amma da na'ura mai sarrafa mai a ciki, in wani ɗan ƙaramin abu ya mutu, sai ya ajiye shi ya jira wakilin kamfani, wani lokaci makonni, yana bin motar haya kamar kowa. Maƙwabcinsa mai ɗan Sin kuwa, in wayar kulocinsa ta tsinke bayan Azahar, yakan tura mashin zuwa lungu na gaba, ya zauna a benci ya sha shayi, kafin La'asar ya hau ya koma bakin aikinsa.