Kafin a yi gardamar wa zai biya kuɗin NECO

(Jawabin da aka gabatar a zaman iyaye na mazaɓarmu)

 

Duk shekara idan lokacin NECO ya matso, mu 'yan siyasa sai mu cika rediyo da gardama: wace gwamnati ta biya wa yara, wacce ta bar bashi. Gardamar tana da tushe, domin mun ga shekarun da NECO ta riƙe sakamakon yara saboda bashin da take bin wasu jihohi. Amma yau ba wannan ya kawo ni ba. Akwai ƙofar da yaro zai bi kafin ma a zo maganar biya, wato jarrabawar Qualifying.

A nan Kano, ɗan makarantar gwamnati yana rubuta ta ne a aji biyu na babbar sakandare, SS2. Da sakamakonta ake tace waɗanda gwamnati za ta ɗauke wa kuɗin jarrabawar fita. Wanda bai kai ba, sai dai uban ya biya, ko yaro ya zauna. Ni na san gidan da aka sayar da akuya biyu saboda wannan, na kuma san gidan da babu akuyar. Yarinyar nan tana gida har yau, kuma wallahi ba daƙiƙiya ba ce. Babu wanda ya gaya wa uwarta cewa jarrabawar aji biyu ce mai yanke hukunci, ita ta ɗauka sai aji uku ake dagewa.

To me uba ko uwa za su yi, ko da ba su yi boko ba?

Ku fara da Turanci da Lissafi. Jami'a tana neman kiredit biyar, kuma dole Turanci ya kasance a ciki, Lissafi ma dole ne a kwasa-kwasai da yawa. Yaro ya ci Hausa da Addini da Tarihi da kyau, ya faɗi Lissafi, ƙofofi da yawa sun rufe masa ke nan. Saboda haka idan kuɗin lesin ɗinka na darasi ɗaya ne, kada ka raba shi gida biyar. Ka samo masa tambayoyin shekarun baya, ana sayar da su a shagunan littattafai, kuma ɗan maƙwabci da ya gama bara yana da su a ajiye. Ya zauna ya amsa da agogo a gabansa. Yara da yawa sun san amsa, lokaci ne ke ƙare musu.

Iyayena mata, a nan zan ɗan taɓa ku, ku yi haƙuri. Yarinyar da ta dawo daga makaranta ta ɗauki farantin talla, ta wuce Islamiyya, ta dawo ta yi wanke-wanke, yaushe za ta buɗe littafi? Ban ce a daina sana'a ba, na san da ita ake cin tuwo. Wata biyu kawai nake roƙo kafin jarrabawa, a sauke mata tallan yamma. Ke da ba ki iya karatun ba, ki ce ta karanta miki da ƙarfi ta fassara miki. Inda ta yi ta inda-inda, nan ne ba ta gane ba, sai ki aika ta wurin malaminta da wannan shafin.

Sai maganar suna. Ku duba yadda aka rubuta sunan yaro da ranar haihuwarsa a makaranta, ku gwada da abin da ke kan lambar NIN ɗinsa. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da NIN, kuma Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya jawo muku zirga-zirgar gyara ta watanni.

Masu ce muku a kai yaro “santa” inda ake rubuta amsa a allo, ku tambaye su wa zai shiga masa JAMB, wadda tun 2015 gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta.

Matasanmu da suka gama NCE da digiri sun yarda za su riƙa koyar da Lissafi da Turanci kyauta ranakun Asabar da Lahadi da safe, a nan ofishin mazaɓa. Ba za a tambayi katin jam'iyyar uban kowa ba. Mai ɗa ko 'ya a SS2 ya tsaya bayan addu'a ya ba sakatare suna da makaranta.