GINA GIDA KUSA DA DAMAGARAM: A YI LISSAFI TUKUNA

(Jawabin da wani malamin lakwal ɗan garin nan ya yi a taron ƙungiya na bayan salla. Mun buga shi yadda ya faɗa, saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.)



Shugaba ya ce in yi magana a kan gini. Ni dai ba magini ba ne, alli na sani da allo. Amma na gina ɗaki biyu, guda ya faɗi, guda yana nan tsaye, don haka ina da ɗan abin faɗi.

Ga abin da ya kawo maganar. Ƴaƴan garin nan da yawa a Damagaram suke neman abinci: masu gadi, direbobi, masu tebur a Kasuwar Dole, malaman lakwal irina. Haya ta ishe su, fili kuwa a cikin gari ya fi ƙarfinsu. Shi ya sa waɗansu suka kawo shawara a riƙa ranta musu kuɗin asusunmu, su sayi fili mai araha a bakin hanya, su gina, su dinga zuwa aiki da safe suna komowa da marece. Kuɗin nan guminmu ne duka, har da na tsofaffin mata masu zuba dala-dala. Kafin a ɗaga hannu ina roƙo mu yi lissafi, kamar yadda nake sa yara su yi.

Mu fara da hanya. Daga Damagaram zuwa Mirya kilomita 18 ne. Zuwa Dogo wajen 35, zuwa Bande wajen 70, zuwa Magarya ya ɗara 90. To, a ce mutum ya gina a Dogo, yana da moto. Zuwa da komowa kilomita 70 ke nan kullum. Kwanan aiki 22 a wata, ya zama kilomita 1.540. A ce moto ɗin lafiyayye ne, lita guda tana kai shi kilomita 40, zai sha lita 38 da rabi. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta tsaida litar mai a kan tamma 499, wato dala ɗari ba tamma guda. Mu yi aiki da wannan kuɗi: jika 19 da ɗoriya a wata, jika 230 a shekara. Ban sa taya ba, ban sa baƙin mai ba, ban sa ranar da hadari ya tare shi a hanya ba. Kowa ya san abin da yake biyan haya. Ya aza su kusa da juna ya duba. Wanda ya gina a Bande sai ya ninka biyu.

Wani zai ce mini ai akwai man bakin hanya mai zuwa daga Najeriya. Da can haka ne. Tun da aka janye tallafin mai a can, a watan Mayu na 2023, kun ga abin da kwalba ta koma. Iyaka ma an rufe ta a 2019, an sake rufe ta a 2023. Ba a aza gida bisa abin da ke iya yankewa dare ɗaya.

Saboda haka ga ra'ayina, wanda ba dole ba ne. Mai son kwana gidansa kullum kada ya wuce Dogo. Wanda kuɗinsa bai kai nan ba, ya gina a nan gida, inda fili na gado ne, da gona, da rijiya, da dangi masu duba iyali. Su haɗu su uku ko huɗu su kama ɗaki guda a birni, ranar Juma'a da marece su shigo mota, Lahadi su koma. Na san akwai masu ganin wannan kamar kasawa ce. Ni ban ga kasawa ba ga mutumin da hatsinsa ke cikin rumbu. Ƴan'uwanmu na Dungas da Malawa da Dogo-Dogo, su da suka fi mu nisa, sun daɗe suna haka.

Sai wurin da za a gina. A Damagaram dutse ne a ƙasa, kowa ya san wahalar ruwan garin, ya san layin bido a bakin famfo lokacin bazara. Gini kuwa ruwa yake ci kafin ya ci kuɗi. A wajenmu, gefen Korama, matsalar ta juya: ruwa kusa yake, har ya yi yawa. In aka nuna maka fili shimfiɗaɗɗe da rani, aka yi maka araha, kada ka biya sai ka koma ka gan shi a watan Agusta. Ka tambayi makiyaya da mata masu itace, su suka san inda ruwa ke kwana. In ka ga ƙasa ta yi fari-fari da kanwa, ka tafi abinka, don kanwa tana cin gindin bango kamar gara.

Nan ne ni na faɗa. Ɗakina na fari a kwari na yi shi, saboda laka tana kusa, ba sai na biya amalanke ba. Damina biyu ya yi. A ta uku da asuba muka ji bangon gabas ya zauna. Allah ya kiyaye, yara suna ɗakin kakarsu. Kuɗin amalanken da na ƙi biya, na biya shi har sau nawa.

Game da takarda ba zan daɗe ba. Tun 1993 ƙasarmu tana da dokar filayen karkara, kuma akwai hukumar Kofo a gari, da a komin, da a dapartama. In gona ce ka saya, a tara magada duka, har da mata, a yi shaida gaban maigari, a rubuta a Kofo. In cikin lotisma ne, sai ka ga takardar ma'aikatar magajin gari da idonka, lambar fili ta yi daidai da turakun da ke ƙasa. "Ai mun yarda da juna" ba takarda ba ce. Mai sayarwa yana mutuwa, ƴaƴansa kuwa ba su yi yarda da kai ba.

To, yanzu gini kansa. Tun da tsohon masallacin Birni ya rushe ranar 3 ga Satumba 2024, bayan ruwan da aka tafka, ina jin samari suna cewa ginin ƙasa ya ƙare, sai siminti. Abin baƙin ciki ne, ba shakka. Amma ku tuna tun tsakiyar ƙarni na 19 masallacin nan yake tsaye, ya fi shekara 150. Wa zai ba ni tabbacin birgin simintin da ake bugawa yau, buhu guda a tsinka masa yashi har ya fita hayyacinsa, zai kai rabin haka? Gwamnati ta rage kuɗin siminti a watan Oktoba na 2024, mun gode. Duk da haka tan guda buhu 20 ne kawai, ba ya gina gida.

Abin da maginan da na yi aiki da su suka koya mini shi ne, simintin talaka wuri biyu yake zuwa: ƙafa da kai. A haƙa harsashi sosai, a ɗaga shi da dutse ko birgin siminti har ya kai gwiwa. Daga nan sai birgin ƙasa ya hau. A sama kuma a kula da rufi da indararo, ya zama dogo, yana zubar da ruwa nesa da gindin bango. Bangon gabas shi ke shan dukan hadari, shi za a fi ba kauri da yaɓe, kada kuma a sa ƙofa a nan. Wani abu: siminti ba ya kama bangon ƙasa da kyau. Yana ɓamɓarewa, ruwa ya shiga ta baya ya yi ɓarna ba a gani. Gara yaɓen ƙasa da makuba, a sabunta kafin kowace damina.

Ƙasar birgi ma ana gwada ta, ɗalibaina na aji biyar sun iya. A zuba ƙasa rabin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a aje har gobe. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a bisa. In yashi ne kusan duka, birgin zai marmashe. In laka ta rinjaya, zai tsage, sai a ƙara yashi da ciyawa.

Rufi shi ne mai tsada. Azara ta yi wuya, giginya ta ragu, ma'aikatan gandun daji kuma suna da gaskiya da suke hana sara. Tol yana da saurin aiki, amma duk wanda ya kwana ƙarƙashinsa a watan Afrilu ya san abin da ya saya. Akwai hanya ta uku, gini ba katako, wanda ake rufe ɗaki da tulluwar birgin ƙasa zalla. A Cikal, cikin ƙasar Filinge, aka fara gwada shi a Nijar a 1980, an kuma horar da magina da yawa daga baya. Yana da sanyi, ba ya cin itace, amma ba aikin koyo da ka ba ne. In ba wanda aka horar ya samu ba, kada a taɓa.

Kuma a gina kaɗan-kaɗan. A buga birgi bayan girbi, a yi ɗaki guda da makewayi, a kewaye da zana, a shiga. Kuɗin hayar da ya tsaya shi zai yi ɗaki na biyu.

Ga abin da nake roƙon taro. In an yarda da rance, a sa sharaɗi biyu: mai nema ya kawo takardar fili, kuma mutum biyu daga cikinmu su je su ga wurin da damina. Ni na ɗauki nauyin yi wa kowa lissafin hanyarsa kyauta, a same ni a lakwal ranar Laraba da marece, ya zo da nisan wurin da kuɗin hayarsa.