Haɗa Na'urar Ƙara Ruwa da Kanta a Tankin Murjani: Muhimmancin Sanin Inda Za Ta Tsaya



Wanda ya ajiye murjani mai rai a tankin gilashi ya ɗauki alkawarin riƙe masa teku a cikin ɗaki. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowane kilo, murjani kuwa ya saba da wannan ma'auni ya zauna daram. Matsalar ita ce kullum ruwan tanki yana tashi sama ya zama tururi, gishiri kuma ba ya bin sa. Abin da ya sa gishirin Bahar Maliya ya kai wajen 40 ke nan: zafi da yawa, ruwan sama kaɗan, babu manyan koguna masu zuba a ciki. Murjanin gaɓar Port Sudan ya saba da haka tun fil azal, amma na tanki ba zai jure gishiri ya hau yau ya sauka gobe ba.

A yi lissafi. Tanki mai lita 200, in ya rasa lita 10, gishirinsa ya tashi daga 35 zuwa 36.8. Ƙaramin tanki mai lita 40 kuwa lita 2 kacal ta isa ta kai shi nan. A garuruwanmu da hunturu ke busar da iska, ga fanka tana kaɗawa a saman ruwa don rage zafi, ƙafewar ta fi sauri. Maganin shi ne a riƙa mayar da abin da ya tafi kaɗan-kaɗan, da ruwa marar gishiri wanda aka tace da matatar RO/DI. Ruwan famfo ko na rijiya yana shigo da sinadaran da ke ciyar da gansakuka, su ma ba sa ƙafewa, taruwa suke yi.

Hanya mafi sauƙi ba ta buƙatar lantarki. Duk mai kiwon kaji ya san mazubin ruwan nan da ake kifawa: ruwa ba ya sauka sai kaza ta sha, iska ta sami hanyar shiga. Haka ake kifa kwalba a saman ƙaramin tanki, bakinta daidai da fuskar ruwa. Tana aiki sosai, amma ba ta wadatar da babban tanki.

Babban tanki sai an haɗa abubuwa huɗu: jarkar ajiye tataccen ruwa, ƙaramin famfo mai aiki da bolt 12, rile, da makunni mai iyo, wanda masu aikin famfo ke kira fulot. A cikin fulot akwai maganaɗisu; in ruwa ya sauka sai ya sauka da shi ya haɗa wasu siraran ƙarafa biyu da ke rufe a gilashi. Siraran nan ba sa ɗaukar wuta mai ƙarfi. In aka haɗa su kai tsaye da famfo, tartsatsi na iya manne su, famfo ya yi ta aiki babu tsayawa. Shi ya sa fulot zai kunna rile ne kawai, rile ya kunna famfo. Ina roƙon kowa kada ya kai wutar bolt 230 kusa da ruwan gishiri. Bolt 12 ya isa, ga shi batir ko sola na iya riƙe shi in an ɗauke wuta. A ɗaura fulot a tankin ƙasa, wato wanda ke ƙarƙashin babban tankin, a ɓangaren da famfon mayar da ruwa sama yake, domin nan ne kaɗai ƙafewa ke nunawa.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci. Kowa zai iya sa famfo ya zuba ruwa. Gwanintar tana wajen tabbatar da cewa ya daina. In na'ura ta ƙi kunnuwa, gishiri yana hawa ne a hankali, mai tanki zai lura kafin ɓarna. In ta ƙi mutuwa, jarka mai lita 20 za ta ƙare a cikin tankin lita 200, gishiri ya faɗi zuwa 31.8 cikin ƙanƙanen lokaci, ruwa kuma ya malale kan wayoyi. Fulot kuwa yana maƙalewa. Dodon koɗi yana hawa kansa ya danne shi, gishiri yana daskarewa a sandarsa, gansakuka tana naɗe shi.

Saboda haka a sa fulot na biyu sama da na farko da kamar santimita biyu, a jera su a kan waya ɗaya yadda in na saman ya ɗaga, wuta ta yanke ko da na ƙasa ya maƙale. A kewaye su da bututun roba mai huji don kare su daga dodon koɗi da kaɗawar ruwa. A ƙara agogon yanke wuta bayan 'yan mintoci. Na'urar Osmolator ta kamfanin Tunze na Jamus ma tana da irin wannan kariya tare da fulot na ko-ta-kwana, bai kamata ta gida ta rasa su ba. A zaɓi famfo mai sanyin zuba. Sannan jarkar kanta kada ta fi ƙarfin tanki: a auna ta yadda ko ta juye gaba ɗaya murjani zai rayu. A ganina wannan ce kariya mafi aminci, domin ba ta dogara da waya ko rile.

Akwai kuskure guda da ke cin mutane ko da wutar ta mutu. In bakin tiyon da ke kai ruwa daga jarka zuwa tanki ya sauka ƙasa da fuskar ruwan jarka, ruwa zai ci gaba da zuƙo kansa bayan famfo ya tsaya. In kuma bakin ya nutse a tanki, ruwan gishiri na iya komawa jarka. A ɗaure shi a sama, a sarari. Kada a sa mahaɗin tagulla ko jan ƙarfe ko ɗaya, guba ne ga murjani.

Kafin a yarda da na'urar, a gwada ta a bokiti: a danne fulot na ƙasa da hannu a ga ko na sama zai kashe famfo. Bayan an ɗaura, a riƙa jiƙa fulot a binega duk wata don narkar da abin da ya daskare, a kuma auna gishiri da rifiraktomita kowane mako.