Inbata da Wayar Ƙasa: Jawabi ga Jama'ar Ƙofar Ruwa



Tun shekarar 2013 kamfanin KEDCO ke raba wutar lantarki a Kano da Katsina da Jigawa. To, da yake wutar ba kullum take samuwa ba, magidanta da 'yan kasuwa da yawa sun koma ga inbata, watau akwatin nan da ke karɓar wutar batir mai bolt 12 ko 24, ya mai da ita bolt 230 irin ta gari. Lalle ne kowa ya sani wutar da ke fita daga akwatin nan tana kisa daidai da ta kan turke. Ƙanƙantarsa da rashin ƙararsa su ke ruɗin mutane.

Jikin inbata ƙarfe ne. In wata waya ta goge a ciki ta taɓa shi, sai wuta ta kwanta a jikin akwatin tana neman hanyar sauka ƙasa. In ba a yi mata hanya ba, duk wanda ya fara dafa shi, ko yaro mara takalmi, ko uwargida da jiƙaƙƙen hannu, shi ne hanyar. Don haka ne aka sa wani noti a jikin akwatin, inda ake ɗaura wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, a kai ta ga sandar da aka kafa cikin ƙasa.

A nan ne maganar ta shafi wannan kasuwa. Ƙofar Ruwa gidan ƙarfe ce, guntun rodi ba ya wuyar samu. Saboda haka wasu sukan tsinci guntu su buga a gindin bango, su nannaɗa masa waya, su ce an gama. Ba a gama ba. Rodi yakan yi tsatsa, tsatsa kuwa tana tare wuta. Abin da ake bukata shi ne sanda mai rufin jan ƙarfe, wadda ba ta gaza ƙafa 4 ba, a damƙe wayar a jikinta da maƙali, a ɗaure tam. Kuma ƙasar Kano takan bushe ƙwarai da rani, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta sosai. Sai a nemi wuri mai laima a zurfafa, in ta kama a ƙara sanda ta biyu, mai aikin wuta ya auna da na'ura a tsakiyar rani, ba da damina ba. Amma fa sanda ita kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da makashin nan da ke yanke wuta da kansa da zarar ta zurara.

Kada wani ya kuskura ya cusa wutar inbata cikin soket ɗin bango don ta zaga gida. Takan koma kan layin gari, ta sami ma'aikaci a bisa turke yana zaton an ɗauke wuta. Dole a bi ta makunnin sauyi, wanda ba ya barin wutar biyu su gamu.

Wajen batir kuma, abin tsoro gobara ce. Inbata mai wat 1,000 a kan batir mai bolt 12 yakan ja fiye da amfiya 80, siririyar waya ba ta ɗaukar wannan sai ta narke. A sa mai kauri, gajera, ta jan ƙarfe, da fis dab da kan batir mai alamar ja. Batir mai ruwa yana fid da iska mai kama wuta sa'ad da yake caji, kada a kulle shi a ɗakin kwana.

A mota ba a kafa sanda, ƙarfen jikinta ne ke matsayin ƙasa. Makanike ya kankare fenti har ƙarfe ya fito kafin ya ɗaura waya, ya kuma sa roba a duk ramin da waya ta ratsa. Soket ɗin kunna taba ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin wat 150. Inbatan da ya fi haka sai a haɗa shi da batir kai tsaye, da nasa fis.

Tun 2015 aka yi dokar da ta kafa hukumar NEMSA, mai duba aikin lantarki da ba masu yinsa takardar shaida. Mai gida yana da ikon neman ganin takardar nan kafin ya bar mutum ya taɓa masa waya.